Dariya da Izininta: Yadda Shamaki Ke Kallon Barkwancin Manyan Filaye

A ƙarshen watan Agustan 2015, ɗan barkwancin nan na Amurka, Kevin Hart, ya hau dandamali a filin ƙwallo na Lincoln Financial Field da ke birnin Filadelfiya, ya yi ta zuba zance a gaban mutum kusan 53,000. Ba makaɗi, ba mawaƙi, ba abokin wasa. Daga shi sai makirufo da manyan allunan hoto a bayansa. An ɗauki wasan a fim mai suna What Now?, aka nuna shi a gidajen sinima a 2016. Filin wasa na Pantami da ke nan Gombe yana cin kimanin mutum 12,000, ke nan sai an cika shi sau huɗu da ɗoriya kafin a kamo jama'ar da ta taru a wannan dare don sauraron mutum ɗaya.

Irin waɗannan wasanni, na Amurka da na Legas, sun daɗe da shigowa Shamaki da sauran unguwannin Gombe irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana. A gutsure suke zuwa, minti ɗaya ko biyu, ta Facebook da TikTok da WhatsApp, ko ta shagon masu tura fina-finai a waya. Wanda ya lura da yadda jama'a ke karɓarsu zai gane wani abu game da mu kanmu: a wurinmu dariya da izini take tafiya. Akwai wanda al'ada ta yarje masa ya tsokane ka, akwai wanda ba ta yarje masa ba. Kyamara kuwa ba ruwanta da wannan ƙa'ida. Takan ɗauko zancen da aka yi da wasu, ta kai shi kunnen waɗanda ba da su ake ba. Daga nan ne yabo da ƙorafin masu kallo suka samo tushe, kuma daga nan ne barkwancinmu na gida zai gyaru ko ya lalace.

Kai biyar a kan waya ɗaya

Bayan sallar isha'i, a bencin mai shayi, matasa biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Mai wayar ɗalibi ne, a ce na Jami'ar Jihar Gombe, yana jin Turancin Amurka duk da saurinsa. Ɗan barkwancin da suke kallo ya saki magana, filin ya kaure da ihu, mai wayar ya sheƙe da dariya shi kaɗai. Sauran suka ce, "Me ya ce?" Ya tsayar da bidiyon ya shiga bayani: wai labarin ɗansa yake bayarwa, wai su a can ƙasar yaro yakan yi kaza. Kafin ya kai ƙarshe zancen ya huce. Wani ya taɓe baki ya ce, "To ina abin dariyar a nan?" Can wani ya buɗe tasa wayar ya sa guntun wasan Bosho, ko tsohon fim ɗin Ibro. Nan take benci ya rikice, har mai shayi ya ajiye kofi yana leƙe.

A irin wannan zama ake jin ra'ayoyi iri uku. Na farko mamaki ne, kuma taron ake yi wa, ba zancen ba. "Duk waɗannan surutu kawai suka zo ji?" Sai a shiga lissafin kuɗin shiga, a ninka da yawan kawuna, a juya shi zuwa naira, a yi salati. Na biyu sha'awa ce ta masu jin harshen, waɗanda kan yaba yadda mutum zai ɗauko labari, ya bar shi, ya zagaya, ya dawo ya ɗaure shi bayan rabin sa'a. Na uku ƙyama ce. Ashar da batsa sun yi yawa a yawancin waɗannan wasanni, kuma ko babu su, mutumin da ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba zai ji daɗin ganin namiji ya tsaya gaban dubbai yana tona asirin mahaifinsa ko na ɗakin aurensa ba.

Barkwancin Legas ya fi kusa da mu, domin Turancin buroka kusan kowa na tsintar wani abu a ciki, kuma wahalar da ake wasa da ita tamu ce: ɗauke wuta, shingen 'yan sanda, kuɗin haya. Tun 1995 da Opa Williams ya fara taron Nite of a Thousand Laughs, fayafayensa suka bazu a ƙasar nan, sannan su Ali Baba da Basketmouth da AY da Bovi suka mai da abin babbar sana'a. Sai dai a nan ma akwai inda dariyar ɗan Arewa ke yankewa: da zarar an fito da "aboki" mai gadi ko mai wankin takalmi, wanda ba ya bambanta harafin p da f, ɗakin taron Legas ya tuntsire, mai kallo a Shamaki kuwa sai fuskarsa ta canza. Ya san da shi ake, kuma ba shi da bakin ramawa.

Abin da ya jawo haka

Dalili na farko shi ne irin barkwancin da muka gada. Mutum ɗaya ya riƙe taro da bakinsa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ɗan kama yakan tsaya a kasuwa ko wurin biki, ya ɗauki muryar malami mai jan baƙi, alhali duk karatun nasa a kan tuwo da miya da fura yake. Wawan sarki yakan faɗi a fada abin da hakimi ba ya iya faɗa. Idan azumi ya kai goma, 'yan tashe sukan fito su kwaikwayi tsoho mai gemu da mai rowa da gwauro. Da rediyo da talabijin suka zo, Usman Baba Pategi ya shiga kakin Samanja Mazan Fama da Hausarsa ta bariki, Kasimu Yero ya yi Karambana, Karkuzu ya yi tashe daga Jos. Bayansu Rabilu Musa, tsohon ma'aikacin gidan yari daga Ɗanlasan, ya zama Ibro, ya riƙe kasuwar fim ɗin barkwanci har rasuwarsa a Disambar 2014.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne kowannensu riga yake sawa. Idan Ibro ya yi wauta, Ibro ne ya yi. Rabilu yana gefe da mutuncinsa da na iyalinsa. Ɗan barkwancin dandamali na Amurka kuwa da sunansa na yanka yake magana, matar da yake ambata matarsa ce ta gaske, uban ubansa ne. Su a wurinsu wannan ita ce gaskiyar da ke ƙara wa zance armashi. Mu a wurinmu rashin kunya ne. Don haka wanda ya ce mutanen Shamaki sun kasa gane barkwancin zamani bai yi musu adalci ba. Sun gane shi sarai, ma'auninsu ne dabam.

Dalili na biyu shi ne wasan da ke tsakanin jama'a, wanda shi ne makarantar dariyarmu. Bafulatani da Babarbare za su haɗu a tasha su yi wa juna tatas, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, su rabu suna musabaha. Haka Kanawa da Zazzagawa, haka Gobirawa da Yarbawa. Taubasai na bin juna kuɗin shara a watan Cika-ciki. Kaka yana kiran jikarsa matarsa, tana ce masa ya tsufa ba ta so. Wannan al'ada tana da nauyin da a 2014 hukumar UNESCO ta sa irinta ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke adanawa. Sharuɗɗanta uku ne ko da ba a rubuta su ba: kowane ɓangare ya san wasa ne, ido na ganin ido, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Bidiyo ya rushe duka ukun. Gombe kuwa gari ne na haɗaka, da Fulani da Hausawa da Terawa da Bolawa da Tangale da Waja da Barebari, ga Ibo da Yarbawa a kasuwa, ga Musulmi ga Kirista. Zolayar da aka yi a majalisa a Shamaki tsakanin abokai biyu, idan aka ɗauke ta a waya, kafin a tashi ta isa Billiri da Kaltungo da Dukku, wurin mutanen da ba su san masu yin ta ba, ba su kuma san daga ina zancen ya faro ba.

Dalili na uku aikin kyamara ne. Wasan da ake gani a fim ba a dare ɗaya aka haife shi ba. Ɗan barkwanci yakan yi watanni yana gwada zancensa a ƙananan ɗakuna, yana zubar da abin da bai ci ba, yana gyara inda zai yi shiru da inda zai ɗaga murya. Ranar babban taro ana kafa kyamarori da yawa, masu tacewa su zaɓi fuskokin da suka fi darawa, su daidaita ƙarar ihun jama'a. Dariya kuma tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Masanin nan na Jami'ar Maryland, Robert Provine, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya cikin jama'a kusan sau 30 a kan yadda yake yi idan shi kaɗai ne. Wanda ke cikin filin guguwar taro ce ke ɗaukarsa. Wanda ke kallo a waya kuwa yana da sararin auna kowace kalma, ya mai da ita baya, ya sake saurare. Shi ya sa sau da yawa hukuncinsa ya fi tsauri.

Dalili na huɗu rashin wurin yi ne. A Legas bankuna da kamfanonin waya na ɗaukar nauyin taron barkwanci, ana sayar da tebur a miliyoyin naira. A nan abin da aka saba da shi shi ne galar Sallah, inda 'yan fim da mawaƙa ke zuwa, a ba ɗan kwamedi 'yan mintoci tsakanin waƙa da waƙa. Mai ɗaukar nauyin da ya fi sauƙin samu kuwa ɗan siyasa ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma tabon shekarun tashin hankali. A Fabrairun 2015 bam ya tashi kusa da filin da Shugaba Jonathan ya yi gangami a Gombe jim kaɗan bayan tafiyarsa, a watan Yulin shekarar kuma aka kai hari kasuwa ana cikin sayayyar Sallah. Alhamdulillahi lafiya ta samu, amma a daidai shekarun da ya kamata al'adar zuwa taron nishaɗi ta kafu, iyaye hana 'ya'yansu shiga cunkoso suke yi, kuma da gaskiyarsu. Sai barkwancinmu ya tsallake ɗakin taro gaba ɗaya, daga faifan bidiyo ya faɗa waya.

Ribar da aka samu

Riba ta farko ita ce matasa sun ga baki ma jari ne. Yaron da ake ce wa surutu ya yi masa yawa a aji yanzu ya san akwai waɗanda suka gina rayuwa da wannan baiwa. Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfinsa ba: waya, abokai biyu, lungun unguwa. Wasu na samun kuɗin tallan kaya, wasu ana gayyatarsu gabatar da biki, wasu sun bi ta nan sun shiga fim. Karɓuwar shiri irin Gidan Badamasi a tashar Arewa24 ta nuna cewa idan an zauna an rubuta barkwancin Hausa da kyau, gida guda zai zauna ya kalla, uba da uwa da yara, ba wanda zai sunkuyar da kai.

Ta biyu, barkwanci ya zama hanyar sauke nauyin zuciya. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun shekarar, gajerun wasannin da suka kwaikwayi layin banki da rigimar fasinja da ɗan acaba sun faɗi abin da ke cin mutane fiye da dogon jawabi. MC Tagwaye, wanda ya tashi a Arewa, ya yi suna da kwaikwayon muryar Shugaba Buhari, 'yan Arewa kuma suka karɓe shi hannu biyu. Sun ji cewa daga cikin gida yake wasan, ya san inda zai taɓa da inda zai tsaya.

Ta uku, Hausa ta samu sabuwar kasuwa. Wasan da aka ɗauka a Gombe ana kallonsa a Maraɗi da Kumasi da Jidda. Mai kallo kuma ya waye. Wanda ya ga yadda gwanaye ke ɗaure labari ba zai ci gaba da gamsuwa da faɗuwa ƙasa da murguɗa baki kaɗai ba.

Asarar da ke biye

Mai koyi yakan ɗauki abin da ya fi sauƙin ɗauka. Watannin gwaji da rubutu ba a ganinsu a bidiyo. Ashar da tsaurin ido su ake gani. Don haka aka samu masu zaton cewa da zarar sun saki baki sun zama 'yan kwamedi. Manhajojin kuma abin da ya fi tada ƙura suke turawa gaba, ko yabo ya jawo ko zagi. Nan ne aka shiga yi wa mai in'ina da gurgu da bazawara da baƙauye ba'a, aka shiga tare dattijo a hanya a firgita shi ana ɗauka a ɓoye. Abin da ke ba mu haushi idan ɗan Legas ya yi wa "aboki", shi wasunmu ke yi wa Bagwari da Bafulatanin daji da Ibo mai shago. Wanda aka yi wa bai ba da izini ba, ba shi kuma da inda zai rama.

Addini ya riga ya shata iyakar wannan. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, hadisi ya yi kashedi ga mai shirga ƙarya don ya ba mutane dariya, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa ba tare da ya faɗi abin da ba gaskiya ba. Ke nan ƙofar raha a buɗe take, ta cin mutunci ce a rufe. Mafi yawan masu ƙorafi a majalisun Shamaki wannan bambancin suke nufi, ko da ba su jero hujja ba.

Asara ta biyu ta ɓangaren hukuma take zuwa. A 2008 kotu a Kano ta ɗaure Ibro wata biyu a shari'ar da ta taso daga fim ɗin Ibro Aloko. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu, saboda bidiyon TikTok da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ɓata suna laifi ne, ba mai musu. Amma idan hukunci ya fi saurin sauka a kan wanda ya taɓa mai mulki fiye da wanda ya wulaƙanta nakasasshe, darasin da matasa za su ɗauka shi ne su kauce wa babba su afka wa mai rauni. Sarakunan da suka ajiye wawa a fada sun san amfanin jin gaskiya cikin raha.

Asara ta uku ta sana'ar ce kanta. Wanda ya saba da minti ɗaya ba ya koyon riƙe jama'a na rabin sa'a. Bai taɓa jin shirun ɗaki ba idan zance ya faɗi ƙasa, alhali wannan shirun ne babban malamin ɗan barkwanci. Kuɗin da YouTube ke biya a kan masu kallo daga Najeriya bai kai na Turai da Amurka ba, ga kuma ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, wanda ya sa kowa ke tattalin data. Suna yana zuwa da wuri, ya tafi da wuri, aljihu bai shaida ba.

Inda ma'auni ya rinjaya

Idan aka ɗora riba da asara, ina ganin ribar ta fi, amma da sharaɗi. Kallon gwanayen duniya ya buɗe ido, ya ɗaga buri. Abin da ya rage shi ne a dawo wa barkwancinmu da abin da waya ta ƙwace masa, wato jama'ar da ke zaune a gabanka, waɗanda za su dara idan ka burge, su ɗaure fuska idan ka wuce gona da iri. Wannan ba ya bukatar filin ƙwallo. Ɗakin taro na makaranta mai cin mutum 200 ya isa, bayan la'asar, da kuɗin shiga daidai aljihun ɗalibi, da wurin zama na mata da iyali. Ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Jihar Gombe da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Tarayya ta Kashere za su iya farawa. Gidajen rediyon garin za su iya ware rabin sa'a a mako. 'Yan kasuwar da ke neman inda za su tallata kayansu su shigo, don kada a bar fagen ga 'yan siyasa kaɗai.

Su kuma matasan da ke son sana'ar, su zauna su rubuta. Abin dariya bai ƙare ba a layin gidan mai, da cinikin ragon layya, da taron sulhun maƙwabta, da lefen da ya gagari ango. Su koma wurin tsofaffin da suka ga 'yan kama da idonsu, su tambayi yadda ake yi wa mutum shaguɓe ya dara maimakon ya fusata. Kafin su saki bidiyo su tambayi kansu: da wanda nake kwaikwayo yana zaune a nan, zai dara tare da mu? Idan amsar a'a ce, a goge. Mu masu kallo ma da namu alhakin, domin duk bidiyon wulaƙanci da ya zagaya gari, hannun ɗayanmu ne ya tura shi gaba. Ranar da muka daina turawa, masu yi za su nemi wata hanyar ba mu dariya, kuma suna da basirar samo ta.